Mai Jan Babur: Wasan da Marigayi Ya Kasa Mantawa

"Malam, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatun aikin gona a Amurka daga 1968 zuwa 1971. Har ya bar duniya yana ba mu labarin wani wasan kwaikwayo da ya kalla a talabijin a can, na wani saurayi mai hular sanyi da ke yawo gari-gari a kan jan babur mai hoton ido a jikin tanki, ba shi da gida, ba shi da wurin zuwa. Sunan wasan ya ɓace masa, amma duk sanda ya tuna shi sai ya yi shiru na ɗan lokaci. Wane wasa ne wannan? Me ke cikinsa da ya kama zuciyar mutum irin Baba, wanda bai taɓa hawa babur don nishaɗi ba? Kuma ko ni da Hajiyarmu za mu iya samunsa mu kalla?"

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ɗan'uwa, abu uku kake nema: sunan wasan, dalilin da ya sa ya zauna a zuciyar marigayi tsawon rayuwarsa, da hanyar da za ku bi ku kalle shi. Na farkon ba shi da wahala, domin siffofin da ka kawo, jan babur da ido a tanki da hular sanyi, na wasa ɗaya ne tak a tarihin talabijin na Amurka.

Sunansa Then Came Bronson, wato "sai ga Bronson ya iso" idan za a faɗe shi da Hausa. Tashar NBC ce ta nuna shi, kamfanin MGM ne ya shirya shi, kuma Michael Parks ne ya fito a matsayin Jim Bronson. An fara da wani dogon fim na gwaji wanda aka nuna ranar 24 ga Maris, 1969, sannan wasan ya riƙa fitowa mako-mako daga 17 ga Satumba na wannan shekarar, kowace Laraba da ƙarfe goma na dare, har zuwa farkon Afrilun 1970. Kashi 26 kacal aka yi, kowanne na awa guda har da tallace-tallace, daga nan aka rufe shi. Ka ga ke nan ya faɗo daidai tsakiyar zaman Baba a ƙasar, kuma ya kalle shi ne yana sabo fil, a daren da sauran jama'ar ƙasar suke kallonsa.

Ni sana'ata koyar da rubutun labarin fim da na talabijin ce, kuma ban riski wasan a lokacinsa ba. Na fara ganinsa ne shekaru masu yawa bayan haka, a wani kaset ɗin bidiyo da wani abokin aikina ya naɗo daga talabijin sa'ad da yake ƙasar waje. Launin hoton ya koɗe har jan tankin ya koma kamar ruwan goro, sautin yana rawa, ga talla tana katse magana a tsakiya. Duk da haka na zauna na kalle shi har ƙarshe, kuma tun daga lokacin nake amfani da wani yanki nasa a aji.

Labarin da wasan ya ginu a kai

Jim Bronson ɗan jarida ne a birnin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya. A fim ɗin gwajin, amininsa Nick, wanda Martin Sheen ya fito a matsayinsa tun kafin duniya ta san shi, ya kashe kansa. Wannan mutuwa, haɗe da saɓanin da ya shiga tsakaninsa da editansa, ta sa aikin ya fita daga ran Bronson gaba ɗaya. Sai ya ajiye aikin, ya sayi babur ɗin mamacin daga hannun matarsa, ya ɗaure bargonsa da 'yan kayansa a baya, ya kama hanya. A cikin wannan fim ɗin ya haɗu da wata amarya da ta gudu daga bikinta, wadda Bonnie Bedelia ta fito a matsayinta, suka yi tafiya tare na ɗan lokaci kafin kowa ya kama gabansa. Daga nan kuma, a kashi 26 ɗin da suka biyo baya, babu wani ɗan wasa da ke maimaita fitowa kowane mako sai Parks shi kaɗai da babur ɗinsa.

Wanda ya ƙirƙiro labarin shi ne Denne Bart Petitclerc, shi ma tsohon ɗan jarida, kuma ya ɗebo siffar Bronson ne daga abokinsa Birney Jarvis, wakilin jaridar San Francisco Chronicle wanda a ƙuruciyarsa ya yi zama cikin ƙungiyar 'yan babur ta Hells Angels. Cikin masu shirya wasan akwai Herbert Solow da Robert Justman, waɗanda ba su daɗe da gama aikin wasan talabijin na Star Trek ba.

Ginin kowane kashi iri ɗaya ne, kuma tsohon gini ne da talabijin na Amurka ya gada daga fina-finan kaboyi: baƙo ya shigo gari, ya tarar da wani kulli tsakanin mutane, ya taɓa rayuwarsu, ya wuce. An yi irinsa kafin nan a wani wasa mai suna Route 66, daga 1960 zuwa 1964, inda samari biyu suke yawo a mota. Abin da ya bambanta Bronson shi ne ba ya ɗauke da bindiga, babu mai binsa, babu wanda yake bi, kuma sau da yawa ba shi ne yake warware kullin ba. Yakan tsaya ne don kuɗin mai ya ƙare ko babur ya sami matsala, ya nemi aikin lebura na 'yan kwanaki, ya saurari mutane fiye da yadda yake magana, idan kuma ya yi maganar sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji, domin Parks ƙasa-ƙasa yake magana, kamar mai magana da kansa. A kashi na farko, wanda aka ɗauka a yankin Jackson na jihar Wyoming, ya yi aiki a wani sansani na yara masu lalura, ya shaƙu da wani yaro da ba ya magana da kowa. A wani kashin, Keenan Wynn ya fito a matsayin dattijon da ya jingine tsohon babur ɗinsa ƙirar Ingila shekara da shekaru, zuwan Bronson ya sa ya fito da shi ya kakkaɓe ƙura, matarsa kuwa hankalinta ya tashi. Irin waɗannan ne labaran: ƙanana, na mutane biyu ko uku, babu tseren motoci babu harbe-harbe.

Minti ɗaya a bakin danja

A ganina amsar tambayarka ta biyu tana cikin abin da ake buɗe wasan da shi kowane mako, wanda tsawonsa bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Baba ya ga wannan yanki sau da yawa, tunda kowane kashi da shi yake farawa, kuma shi ne abin da kusan duk wanda ya kalli wasan yake fara ambata.

Danja ta tsayar da motoci a wani titi na San Faransisko. Bronson ya zo ya tsaya kusa da wata doguwar motar iyali, a cikinta akwai wani magidanci mai matsakaicin shekaru, da hula da laktaye, fuskarsa duk gajiya. Mutumin ya dubi babur ɗin, ya dubi bargon da ke ɗaure a baya, ya tambayi Bronson ko tafiya zai yi. Ƙarar inji ta hana Bronson ji, sai da aka maimaita masa, ya ce e. Mutumin ya tambaye shi ina zai nufa, ya ce bai sani ba, duk inda hanya ta ajiye shi. Sai mutumin ya ce ina ma a ce shi ne. Bronson ya dube shi, kamar yana mamaki, sannan ya ce masa ya daure. Danja ta ba da hannu, babur ya wuce, sai ga shi a bakin teku, sai ga shi yana ƙetare gadar Bixby da ke gaɓar Big Sur, wadda aka gama ginawa a 1932, an ɗauko shi daga sama ya koma ɗan ɗigo a kan doguwar gada tsakanin dutse da ruwa.

Duk shekara nakan nuna wa sababbin ɗalibai wannan yanki sau biyu. Karon farko nakan kashe sautin, in ce su gaya mini abin da ya faru daga fuskoki kawai, kuma kusan kullum sukan gane cewa mai motar yana kwaɗayin wani abu da mai babur yake da shi. Karo na biyu sai in buɗe sautin, in tambaye su labarin wa ake bayarwa. Matasan cikinsu sukan ce na mai babur ne, domin shi kyamara ta bi. Wata shekara akwai wani ɗalibi da ya girmi sauran, ma'aikacin gwamnati ne da ke zuwa karatun yamma bayan ya tashi daga ofis, kullum da makullin mota a hannu da wayar da ba ta daina ƙara. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗaga hannu ya ce shi a ganinsa labarin mai motar ne, mai babur ɗin kuwa tunanin da mai motar yake yi ne kafin danja ta sake shi. Ajin ya yi tsit. Na daɗe ina koyar da wannan yanki, ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai kamar haka ba.

Marubutan sun san su wa ke zaune gaban talabijin da ƙarfe goma na daren Laraba: mutanen da za su tashi da asuba su tafi aiki ranar Alhamis, masu bashin gida da kuɗin makarantar yara. Sai suka ɗauko mai kallon da kansa suka zaunar da shi a cikin mota, suka sa ya furta abin da ke ransa da bakinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne amsar Bronson. Da marubuci mai gaggawa ne, da ya sa shi ya ce wa mutumin ya jefar da laktayen ya biyo shi, ko ya yi masa kallon raini. A nan kuwa haƙuri ya ba shi. Bai nuna cewa tasa rayuwar ta fi ba, kuma wanda ya kalli fim ɗin gwajin ya san cewa makoki ne ya fitar da Bronson daga gida. Wasan ya bar mai kallo ya yi sha'awar tafiya na awa guda ba tare da ya sa shi jin kunyar zamansa ba, kuma wasanni kaɗan ne suka iya wannan.

Ɗalibi baƙo a Amurka ta 1969

Sai mu dawo kan Baba. A nan ina so ka riƙe cewa ni wasan na sani, marigayi kuwa ku kuka san shi, don haka abin da zan faɗa fahimta ce ta mai nazarin labari, Hajiya da abokan karatunsa su ne za su iya gaskata ta ko su gyara ta.

Ka duba lokacin. Amurka tana tsakiyar yaƙin Biyetnam, jami'o'i suna ta zanga-zanga, an kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a Afrilun 1968, an kashe ɗan siyasa Robert Kennedy bayan wata biyu. Ranar 1 ga Disamba, 1969, wasan yana tsaka da fitowa, aka yi ƙuri'ar da ta jera samarin ƙasar bisa ranar haihuwarsu don ɗaukar su aikin soja, wato abokan ajin Baba da yawa sun zauna a daren nan suna jiran jin lambarsu. A gida kuma yaƙin basasar Najeriya, wanda ya ɓarke a Yulin 1967, bai ƙare ba sai 15 ga Janairu, 1970. Ɗalibin da ya bar gida a 1968 ya bar ƙasarsa cikin yaƙi, ya tarar da ƙasar da ya je ita ma ba a zaune take ba, wasiƙa kuma sai ta yi makonni a hanya. Manyan tashoshin talabijin na kasuwanci uku ne a lokacin, NBC da CBS da ABC, kuma labaran yamma cike suke da hotunan yaƙi. A cikin wannan hayaniya sai ga wani shiri mai sanyi, na mutumin da ba ya ɗaga murya, da duwatsu da filaye da doguwar hanya.

Ɗalibi irin Baba yana iya ganin kansa a mutanen nan biyu na bakin danja a lokaci guda. Ta wani gefen shi ne mai motar, domin an turo shi karatu ne da amana a wuyansa, iyaye suna jira, ƙanne suna jira, aiki yana jira, ba shi da ikon ya ce duk inda hanya ta ajiye shi. Ta ɗaya gefen kuma shi ne Bronson, baƙo a kowane ɗaki da ya shiga, mai sauraro fiye da magana, wanda ya san cewa duk wanda ya saba da shi a can wata rana za su rabu. Mu da muke cewa baƙo raɓa ne mun san wannan hali. Kuma mun taso da maganganu biyu da ke jan mutum gefe biyu: tafiya mabuɗin ilimi, amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya je ci-rani ko neman ilimi yana da uzuri a idon jama'a saboda zai dawo da abu a hannu, wanda ya fita babu dalili babu ranar dawowa kuwa cewa ake ya shiga duniya, kuma kowa ya san nauyin wannan kalma. Bronson, a ma'aunin gidan da Baba ya fito, ya shiga duniya ne, amma ga shi mai kunya, mai cin guminsa, mai girmama tsofaffi, ba ya cutar kowa. Ina zaton wannan haɗin, wanda Baba bai saba gani ba, yana cikin abin da ya riƙe shi.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba. 'Yancin da Bronson yake da shi na shiga kowane ƙauye ya nemi aiki da wurin kwana 'yanci ne na farar fata. Dokar da ta haramta wariyar launi a otal-otal da gidajen abinci a 1964 aka sa mata hannu, shekara biyar kacal kafin wasan, kuma doka ba ta sauya zukata a shekara biyar. Baƙar fata ɗalibi daga Afirka ya san cewa akwai garuruwan da bai kamata dare ya riske shi a cikinsu ba. Don haka a wurinsa hanyar nan da ake nunawa ta fi nisa fiye da yadda take ga abokan ajinsa, kuma abin da mutum ya gani da ido ya san ba zai taɓa samu ba yakan daɗe a rai.

Babur ɗin da idon da ke tankinsa

Ka ce Baba bai taɓa hawa babur don nishaɗi ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin a wurinmu babur abin neman abinci ne, na malamin gona da malamin makaranta a da, na ɗan acaɓa da mai kai buhu kasuwa a yanzu. A Amurka ta wancan lokaci mota ce abin hawan kowa, wanda ya hau babban babur kuwa da gangan ya zaɓa, kuma jama'a suna yi masa kallon ɗan daba. Wannan kallo ya samo asali tun daga hargitsin da aka yi a garin Hollister na Kalifoniya a Yulin 1947, wanda jaridu suka zuzuta, sannan fina-finai suka yi ta nuna 'yan babur a matsayin gungun mashaya masu fasa gari. Ranar 6 ga Disamba, 1969, a wani taron kiɗa a Altamont da ke Kalifoniya, wani ɗan Hells Angels ya daɓa wa wani matashi wuƙa ya mutu, labarin ya cika ƙasar. A cikin waɗannan watanni NBC tana nuna ɗan babur mai lallashin yaro marar lafiya. Mutane da yawa suna zaton an yi wasan ne don a ci albarkacin fim ɗin Easy Rider, amma fim ɗin gwajin Bronson ya riga shi fitowa da watanni, tunda shi sai a Yulin 1969 ya shiga sinimomin Amurka.

Babur ɗin Harley-Davidson ne, samfurin Sportster XLH na 1969. Kamfanin ya fara ƙera Sportster a 1957, injinsa mai silinda biyu ne masu siffar V, girmansa cc 883 ko da yake 900 ake kiransa, giyarsa huɗu, kuma a wancan zamani da ƙafar dama ake sa masa giya, saɓanin baburan da muka saba da su. An yi masa 'yan gyare-gyare don wasan, an sa masa dogon ƙarfen jingina a baya inda ake ɗaure bargo, aka fenta shi ja. Idon da Baba yake faɗa ido ne a cikin alwatika, irin wanda ke bayan takardar dala ɗaya ta Amurka, wanda a al'adarsu yake nufin idon Ubangiji mai ganin komai. Har yau akwai masu sayen tsohon Sportster su mayar da shi kamar na Bronson, da jan fenti da idon da komai, su riƙa haɗuwa suna hawa tare, yawancinsu dattawa ne da suka kalli wasan suna 'yan makaranta.

Idan kun zo kallo za ka lura da wani abu da duk mai kunnen inji yake kamawa. Sportster ya haura kilo 200, bai dace da hawan tudu ko gudu a rairayi ba, don haka a irin waɗannan wurare sai a sauya shi da ƙaramin babur marar nauyi da aka fenta iri ɗaya, wani gwani ya hau a madadin Parks. Wani lokaci siffar injin takan sauya a tsakiyar fage ɗaya. Iyakar abin da zan ce a kan ƙarfen ke nan, domin zurfinsa fagen bakanike ne.

Abin da ya sa ya ƙare da wuri

Dalilai sun haɗu. An ajiye shi a awa ɗaya da Hawaii Five-O na tashar CBS, wasan 'yan sanda mai zafi wanda ya ci gaba har 1980, kuma shiri mai tafiyar hawainiya ba ya iya jan jama'a daga irin wannan. Ɗaukarsa ma tana da tsada da wahala, tunda maimakon a zauna a ɗakin ɗaukar hoto sai an kwashi ma'aikata da kaya zuwa jihohi irin su Wyoming da Kolorado da Arizona, kuma nauyin kowane kashi yana kan mutum ɗaya. Sannan dangantaka tsakanin Parks da masu shirin ta yi tsami. Shi abin da ya riƙa faɗa a hirarrakinsa daga baya shi ne an so a ƙara wa wasan faɗa da tashin hankali ya ƙi, kuma wannan ya jawo manyan kamfanoni suka juya masa baya na tsawon shekaru. Wannan nasa ɓangaren labarin ne, kuma haka ya kamata a riƙe shi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne tauraronsa ya dusashe na dogon lokaci, sai da ya manyanta daraktoci irin su Quentin Tarantino, waɗanda suka taso suna sha'awar aikinsa, suka dawo da shi. Ya rasu ranar 9 ga Mayu, 2017, yana da shekara 77.

Gajartar wasan ita ce ta sa sunansa ya ɓace wa Baba. Tashoshin da ke maimaita tsofaffin shirye-shirye kullum sun fi son mai kashi ɗari ko kusa da haka, mai 26 kuwa cikin 'yan makonni zai ƙare, don haka ba a cika maimaita shi ba. Baba ya kalle shi sau ɗaya, ya dawo gida, bai sake jin an ambace shi ba, sai hoton ya zauna sunan ya tafi.

Yadda za ku kalle shi

Tsofaffin shirye-shiryen MGM sun koma hannun attajirin harkar talabijin Ted Turner a 1986, daga baya suka shiga taskar kamfanin Warner, kuma sashensu na Warner Archive ya fitar da fim ɗin gwajin a faifan DVD. Shi ne mafi kyawun hoto da za ku samu, kuma da shi nake ba da shawara ku fara, domin shi ne yake bayyana abin da ya fitar da Bronson daga gida. Sai dai ka riga Hajiya kallonsa, saboda an yi masa wani zubi na sinimomin Turai da ke da 'yar tsiraici a fagen amaryar a bakin teku, ga kuma batun kisan kai a farkonsa, gara ka san inda za ka tsallake. Sauran kashi-kashin kuwa, abin da ya fi yawo a intanet naɗin masu kallo ne daga talabijin, irin kaset ɗin da na fara gani, hotonsa dishi-dishi. Idan ka rubuta sunan wasan a YouTube za ka ga yankin bakin danja da wasu guntaye. Ka yi hattara da masu tallar cikakken wasan a faifai da tsada, domin galibi irin wannan naɗin ne suka kwafa.

Ka shirya wa tafiyarsa kuma. Kyamara takan daɗe a kan hanya babu mai magana, wasu labaran ba su da ƙarfi, wasu kalaman na zamaninsu ne har sun tsufa, kuma Turancin Parks yana da wuyar kamawa ko ga wanda ya ƙware. Ɗalibaina da suka saba da shirye-shiryen yanzu sukan fara duba waya bayan minti goma. Kada ka yi ƙoƙarin cinye shi a dare ɗaya. Ku kalli kashi ɗaya a mako, da daddare bayan an yi shiru, kamar yadda Baba ya kalla, kana fassara wa Hajiya a hankali.

Akwai kuma waƙar da ake rufe wasan da ita, Long Lonesome Highway, wadda James Hendricks ya rubuta, Parks ya rera da muryarsa, ta kai mataki na 20 a jerin waƙoƙin mujallar Billboard a 1970, wato gidajen rediyo sun yi ta sa ta a shekarar da Baba yake can. Ita ta fi komai sauƙin samu. Ka fara kunna wa Hajiya ita kafin ka gaya mata ko ta mece ce, domin mai yiwuwa ta sha jin Baba yana rera sautinta a tsakar gida ba tare da ta san inda ya samo ta ba.